Sabuwar Ma'aikata Da Tsohuwar Matsalar Ɗanyen Nono

Daga Wakilinmu na Arewa

Kamar yadda masu karatu suka sani, a watan Yuli na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Ɗaya daga cikin manufofinta shi ne ƙasar nan ta rage dogara ga madarar gwangwani da ta gari da ake shigowa da su daga Turai. To, amma yawan shanu kaɗai ba zai kai mu ga gaci ba, muddin ba a tsabtace abin da aka tatso ba.

Madara abinci ce mai gina jiki, kuma ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa cikinta da sauri a zafin ƙasarmu. Saniya mai tarin fuka ko bakkale tana iya zuba cutar cikin nononta. Bakkale kan sa saniya ɓari, mutum kuwa ya yi ta fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, har a ɗauka na cizon sauro ne. Tsamin nono yana rage wasu ƙwayoyin, amma ba ya gamawa da su duka.

Maganin ba sabo ba ne. Wani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya gano shi wajen 1864. A masana'anta akan ɗumama madara zuwa digiri 63 har minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, sa'an nan a sanyaya ta nan take. Wannan zafi ya isa ya kashe masu cutarwa ba tare da ya lalata amfaninta ba.

Matan Fulani ma sun san hanyar, domin kindirmo sai an tafasa madara ta huce kafin a sa mata iri. Inda ake samun cikas shi ne nonon da aka bari ya yi tsami ɗanye, da wanda ake ƙara wa ruwan rafi da kuka don ya yi auki. Ruwa marar tsabta kan mayar da aikin wuta baya.

A ganinmu, abin da ya kamata Ma'aikatar ta sa a gaba shi ne wuraren tara madara kusa da rugage, masu injin sanyi da rijiyar burtsatse, irin waɗanda kamfanin FrieslandCampina WAMCO ya buɗe a Jihar Oyo. Hana mata talla ba gyara ba ne, toshe musu hanyar abinci ne.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, marmarin fura da nono ba laifi ba ne. Sai dai a tambaya ko an dafa, musamman in yaro ko mai juna biyu za a ba. Allah ya kiyashe mu, amin.