Kofi a Jere Ba Ya Zuwa da Gaggawa

A tarihin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, babu ƙungiyar maza da ta kama ƙafar Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA. A hannun mai horarwa John Wooden ta ɗauki kofin ƙasa sau 10 tsakanin 1964 da 1975, bakwai daga ciki a jere. Tauraronta Lew Alcindor, wanda ya musulunta ya koma Kareem Abdul-Jabbar, ya ɗaga kofin a 1967 da 1968 da 1969. A ɓangaren mata kuwa, Breanna Stewart ta Jami'ar Connecticut ta ci shi sau huɗu, daga 2013 zuwa 2016.

Mutane kan danganta wannan da baiwa. Ni a ganina, zama wuri ɗaya ne ya haifar da shi. A zamanin Alcindor doka ta hana ɗalibin shekarar farko buga wa babbar ƙungiyar jami'a, don haka ya shekara guda yana koyo, sannan ya zauna har ya kammala digirinsa a fannin tarihi. Haka Joakim Noah da Al Horford da Corey Brewer suka jinkirta shiga gasar ƙwararru ta NBA bayan sun ci wa Jami'ar Florida kofi a 2006, suka dawo suka maimaita a 2007.

Yau lamarin ya sauya. Tun 2006 NBA ba ta ɗaukar wanda bai kai shekara 19 ba, sai jami'a ta zama zangon shekara ɗaya ga zaratan 'yan wasa. Daga 2021 kuma aka halatta wa ɗalibi cin kuɗi da sunansa da hotonsa, aka sauƙaƙa masa sauya makaranta.

Ban ga laifin yaran nan ba. An daɗe ana tara dukiya da guminsu su kuwa hannu rabbana, kuma rauni ɗaya a gwiwa na iya rufe musu ƙofar arziki. Sai dai a matsayina na malami, na san akwai ilimin da ba ya samuwa sai an daɗe tare: sanin halin abokin aiki, jure gyara, da tashi bayan faɗuwa. Jami'ar da ta koma tashar mota za ta iya sayen kofi ɗaya, amma da wuya ta sake rainon ɗalibin da zai ɗaga shi sau uku kuma ya fita da digiri a hannu.