Wasiƙa ga manoman shinkafa na Gidan Goga da kewaye

Iyayena da 'yan'uwana manoman Gidan Goga, Maradun, Bakura da Talata Mafara.

Roƙona ɗaya ne: kada ku riƙa kwashe duk gansakukar da kuka gani a fangali kuna zubarwa. Akwai mai amfani a ciki, kuma a tsadar yuriya ta yau, asararta ba ƙarama ba ce.

Wadda nake nufi ita ce mai duhun kore da ya ja zuwa shuɗi, mai yauƙi, wadda kan dunƙule ƙulli-ƙulli a kan laka. Masana na ce mata sayanobaktiriya. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa nitrojin ne, sinadarin da muke saye a buhun yuriya, amma shinkafa ba ta iya ɗaukar sa daga iska. Wasu nau'o'in wannan halitta suna iyawa, in sun ruɓe kuma sai ya shiga ƙasa. Tun 1939 wani masani a Indiya, P. K. De, ya danganta daɗewar ƙarfin gonakin shinkafar can da ita. Mu ma, tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, ruwa na kwanciya a gonakinmu har da rani, abin da take so ke nan.

Ba shinkafa kaɗai ke cin moriyarta ba. Ku dubi ɓawon nan mai launin toka da ke manne wa dutse da tsohuwar bishiya. Funfuna ce da gansakuka suke zaman tare. A wasu nau'o'insa, musamman a dazuzzuka masu sanyi da laima, funfunar kan ware 'yan ƙuraje a jikinta ta ajiye sayanobaktiriya, kamar maigida da ya ba baƙo ɗaki, baƙon kuwa yana biya da nitrojin. Allah mai hikima! Manoman Sin da Biyetnam sun shafe ƙarnoni suna renon Azolla, 'yar tsiro mai yawo bisa ruwa, saboda tana ɗauke da sayanobaktiriya a ganyenta.

Watsa yuriya bisa ruwa yakan sa gansakukar ta rage aikin ɗaukar nitrojin, don haka a cusa shi cikin laka. Takin supa kuwa yana ƙarfafa ta. Ban ce ta ishe ku taki ba, ragi take yi muku. In ta yi kauri har ta danne ƙananan shuka, ku janye ruwan na ɗan lokaci. Kada kuma a shayar da dabbobi a kududdufin da ta rufe, domin wasu nau'o'inta na da guba.

Allah ya ba mu amfani mai albarka.