Tufka da Warwara a Shirin The Simpsons: Kuskure ne ko Salo?

1.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin abubuwan da ɗalibin adabi yake fara koyo a fagen tarke shi ne lura da yadda sassan labari suke ɗaukar juna, wato kada abin da aka faɗa a farko ya ci karo da abin da zai zo a ƙarshe. Idan marubuci ya ce tauraronsa maraya ne a babi na ɗaya, sannan mahaifinsa ya yi sallama a babi na tara ba tare da wani bayani ba, to an yi tufka da warwara. Sai dai wannan ma'auni ba kowane irin labari yake hawa ba. Misalin da ya fi fito da haka fili shi ne muhawarar da aka daɗe ana tafkawa a kan The Simpsons, shirin barkwanci na zane mai motsi da ake nunawa a talabijin a Amurka. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mafi yawan abubuwan da 'yan kallo suke kira kurakurai a shirin ba kurakurai ba ne, amma akwai wani rukuni ƙarami da ƙorafi a kansa yake da tushe.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Shirin

Matt Groening ne ya ƙirƙiri taurarin shirin. Sun fara fitowa a 1987 a matsayin gajerun zane-zane a cikin shirin Tracey Ullman, sannan a ranar 17 ga Disamba, 1989 gidan talabijin na Fox ya fara nuna su a shiri mai zaman kansa na rabin sa'a. Labarin ya ginu ne a kan iyali guda a wani gari mai suna Springfield: Homer, magidanci mai kwaɗayi da lalaci da yake aiki a tashar wutar nukiliya, da matarsa Marge, da 'ya'yansu uku, Bart mai shekara 10, da Lisa mai shekara 8, da jaririya Maggie. Zuwa yau an nuna kashi fiye da 750, marubuta da yawa sun zo sun tafi. Duk labarin da ya yi wannan tsawo, ya kuma bi ta hannaye masu yawa haka, ba zai rasa inda baki biyu suka saɓa ba.

3.0 Ire-iren Abubuwan da Ake Ƙorafi a Kansu

Idan aka tattara ƙorafe-ƙorafen 'yan kallo, za a ga sun kasu kashi uku, kuma rashin rarrabe su ne yake sa muhawarar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

3.1 Tuntuɓen Hannu

Na farko shi ne kuskure na zahiri wanda ba wanda ya yi niyyarsa. Alal misali, Smithers, na hannun daman mai tashar nukiliya, ya fara fitowa a 1990 da launin fata mai duhu saboda kuskuren da aka yi wajen shafa launi, daga baya kuma aka mai da shi launin ɗorawa kamar yawancin mutanen garin. Irin wannan ba abin musu ba ne, kuskure ne, amma bai taɓa jigo ba, bai kuma sauya ma'anar labari ba. Manyan marubuta ma ba su tsira daga irinsa ba. Arthur Conan Doyle ya nuna cewa a kafaɗa aka harbi Dakta Watson a yaƙin Afganistan a littafinsa na 1887, amma a na 1890 raunin ya koma ƙafa, kuma wannan bai rage wa labaran Sherlock Holmes daraja ba.

3.2 Tsayuwar Lokaci

Na biyu shi ne batun shekaru, kuma a nan ne aka fi kai ruwa rana. Wani kashi na 1991 ya nuna cewa Homer da Marge sun haɗu a makarantar sakandare a 1974. Wani kuma na wannan shekarar ya sanya aurensu da samun cikin Bart a 1980, sannan na 1992 ya haɗa haihuwar Lisa da wasannin Olamfik na 1984. Amma a 2008 sai ga kashin da ake kira “That '90s Show” ya nuna su saurayi da budurwa, ba su haihu ba, a shekarun 1990. A 2021 kuma aka sake nuna Homer yana ɗan matashi a cikin waɗannan shekarun. Masu ƙorafi suka ce ta yaya mutumin da ya yi sakandare a 1974 zai zama matashi bayan shekara ashirin?

Tambayar tana da ma'ana a lissafi, amma lissafin da kansa shi ne amsarta. Da za a bi kalanda, yaron da aka yi cikinsa a 1980 ya doshi shekara 30 a 2008, yau kuwa ya haura 40. Tun da an amince Bart ya dawwama a aji huɗu yana da shekara 10, alhali wayar salula da intanet sun shigo gidansu, to dole ne kwanan watan haihuwarsa ya riƙa matsowa, na auren iyayensa ma ya biyo shi. Ba zai yiwu mai kallo ya karɓi rashin girman yaron ba, sannan ya ƙi karɓar abin da rashin girman ya haifar. Haka abin yake game da inda Springfield yake. A fim ɗin 2007 an lissafa jihohi huɗu da aka ce suna iyaka da garin, wato Ohio da Nevada da Maine da Kentucky, alhali babu wani wuri a taswirar Amurka da zai taɓa su gaba ɗaya. Wannan ba mantuwa ba ce, wasa ne da mai kallo.

Marubutan ma ba su ɓoye hakan ba. A wani kashi na 1993, Lisa tana cikin bayanin cewa ba lallai ne katun ya dace da zahiri ɗari bisa ɗari ba, sai ga Homer na biyu ya gifta ta taga, alhali na farko yana zaune a kan kujera. A 1997 kuma aka nuna wani ma'abocin katun yana tuhumar masu shirin da yake kallo, wai ɓera ya mai da haƙarƙarin kyanwa abin kiɗa, ya bugi ƙashi ɗaya sau biyu amma sauti biyu mabambanta suka fito. Wanda ya zolayi mai neman kuskure haka, ya san da kuskuren kafin a nuna masa.

3.3 Sauya Asalin Tauraro

Na uku shi ne inda gizo yake saƙa. A ranar 28 ga Satumba, 1997 aka nuna kashin “The Principal and the Pauper”, inda aka bayyana cewa Seymour Skinner, shugaban makarantar su Bart, sojan gona ne. Sunansa na gaskiya Armin Tamzarian, ya kuma ɗauki sunan wani saje ne da suka yi yaƙin Biyetnam tare, wanda aka ɗauka ya mutu. Da Skinner na ainihi ya dawo, mutanen gari suka ga ba su iya zama da shi, sai suka ɗaure shi a kujera suka ɗora a jirgin ƙasa, alƙali kuma ya haramta sake tayar da zancen. Harry Shearer, wanda yake yi wa Skinner murya, ya nuna rashin jin daɗinsa, shi ma Groening daga baya ya amsa cewa kuskure ne. Marubucin kashin, Ken Keeler, ya kare aikinsa da cewa jigonsa shi ne yadda mutane ba sa son a taɓa abin da suka saba da shi.

Hujjar Keeler ba ta rasa ƙarfi ba, amma ba ta wadatar ba. Shekara takwas aka yi ana gina Skinner a matsayin mutum mai tsantseni da bin doka, wanda ya tashi a ƙarƙashin uwa mai zafi, kuma wannan tarbiyya ce take bayyana duk abin dariyar da yake yi. Da aka ce tarbiyyar aro ce, sai aka zare turken da halinsa yake ɗaure a kai. A nan ba kalanda aka taɓa ba, mutum aka taɓa.

4.0 Darasi Daga Tatsuniya

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan tsari, domin a kansa tatsuniya take tafiya. Kura takan sha duka har ta mutu a tatsuniyar daren jiya, yau kuma ta fito garau tana neman nama, babu yaron da zai tsayar da kakarsa ya ce ai an kashe ta. Ba a taɓa tambayar shekarun Gizo ba, ko yaushe ya auri Ƙoƙi. Da zarar an ce “ga ta nan, ga ta nanku”, an ƙulla yarjejeniya cewa lokaci ya tsaya, da an ce “ƙurunƙus” kuma komai ya koma mazauninsa. Amma da mai ba da tatsuniya zai kawo Gizo mai gaskiya da riƙon amana, ko Kura mai kawaici a gaban nama, nan take yara za su ce ba haka take ba. Ke nan abin da masu sauraro suke tsarewa shi ne hali, wanda Bahaushe ya ce zanen dutse ne.

The Simpsons ya fi kusa da tatsuniya a kan ƙagaggen labari, shi ya sa auna shi da ma'aunin littafi yake zama tamkar auna hatsi da kamu. Duk da haka, shirin ya nuna cewa yana iya riƙe abu idan ya taɓa zuciyar labari. Lisa ta daina cin nama a 1995, bisa sharaɗin da mawaƙi Paul McCartney ya gindaya kafin ya yarda ya fito a kashin, kuma ba ta koma ba. Maude, matar maƙwabcinsu Ned Flanders, ta mutu a 2000, ba a kuma tashe ta ba. Wannan yana nufin marubutan da kansu sun koya wa mai kallo cewa wasu abubuwa suna ɗorewa, don haka ba su da damar ɗaukar kowane mai ƙorafi a matsayin marar aikin yi. Ko masu jin haushin kashin 2008, ba shekarar 1974 suke karewa ba, labarin soyayyar da ya taɓa su suke jin an shafe.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa kafin matarki ya ce an yi tufka da warwara, wajibi ne ya fara tantance irin alkawarin da labarin ya ɗaukar wa mai sauraro. Tuntuɓen hannu a nuna shi a wuce, tsayuwar lokaci a gane cewa salo ne, amma sauya asalin tauraro ba tare da dalili daga cikin labarin ba, wannan ya cancanci suka. Malamin da zai koyar da adabi gobe yana da buƙatar wannan rarrabewa, domin idan ya saba wa ɗalibansa da farautar kurakurai kawai, za su iya ƙidaya shekarun Bart daidai, amma su kasa faɗin abin da ya sa Skinner yake ba da dariya, ko abin da ya sa Kura ba ta taɓa yin hankali ba.