Sarƙa a Ƙafar Yaro Ba Magani Ba Ce

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa da Kunci, inda gona ke jingine da gona, magana ba ta kwana. Yaro ya fara rangwaɗa a tafiya, ko ya fi sakewa cikin mata a madafa, kafin a cire amfanin gona an laƙaba masa ɗan daudu. Uba ya fara da rubutun sha, ya koma ruƙiyya, in abin ya ƙi ya sayar da buhun gyaɗa ya kai shi gidan mari wai a gyara shi.

Kowa ya ga cikin irin waɗannan gidaje a 2019. A watan Satumba 'yan sanda suka kutsa wani a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Galibi saboda shaye-shaye ko taurin kai aka kai su, amma wasu yaran sun ce a can ciki aka riƙa lalata da su. A Oktoba aka bankaɗo wani a Daura, gwamnatin Ganduje kuma ta ba da umarnin rufe na Kano.

Wasu ƙasashe sun haramta ƙoƙarin sauya sha'awar mutum ko yadda yake ɗaukar jinsinsa da sunan magani: Malta a 2016, Jamus ga 'yan ƙasa da shekara 18 a 2020, Kanada da Faransa a 2022. Hujjarsu ita ce abin ba ya aiki, sai dai ya bar ƙunci da yunƙurin kashe kai. Exodus International, ƙungiyar Kiristoci a Amurka da ta kusa shekara 40 tana wannan aiki, ta rufe a 2013, shugabanta ya nemi gafarar waɗanda aka cutar.

Najeriya, mai dokar hana auren jinsi ta 2014, ba za ta kwafi waɗannan dokoki gobe ba. Sai dai dokar ba ta ba uba ko malami izinin ɗaure kowa ba, sashe na 34 na kundin tsarin mulki kuwa ya hana azabtarwa.

Umarnin gwamna yana tafiya da mai shi, a ƙauye kuma ɗaki ɗaya da kwaɗo sun isa gidan mari. Ya kamata Majalisar Dokokin Kano ta rubuta ƙarara cewa sarƙa, yunwa da duka da sunan gyaran hali laifi ne ko mene ne dalilin iyaye, ta kuma ɗora wa dagatai da masu unguwa alhakin kai rahoton duk gidan da aka ji kukan ɗaurarre.