Kafin ka sayi “ɗanyen mai” a wayarka, ka san me kake saya

Yanzu da wuya ka buɗe TikTok ko Facebook ba ka ci karo da wani yana nuna hoton MetaTrader, yana cewa ya ci dala hamsin a kan ɗanyen mai kafin azahar ba. Har matasan Sheme da Ƙanƙara sun fara shiga. A ganina, yawancin masu danna maɓallin nan ba su san abin da suke saya ba.

Ba mai kake saya ba. Caca ce a kan farashin wata kwangila ta kawo mai a wata mai zuwa. Ɗan yankin Faskari ya fi kowa sanin yadda ake yanka irin wannan farashi, domin haka ake yi da masara. Wanda zai yi maka alkawarin buhu da bazara sai ya ɗora a kan farashin kaka kuɗin sito, da maganin ƙwari, da ladar kuɗinsa da suka kwanta. Haka mai yake. Bambancin kawai, kai ba ka taɓa ganin siton ba.

Ranar 20 ga Afrilu, 2020, lokacin kullen korona, tankunan ajiya na garin Cushing a Amurka sun kusa cika. Masu riƙe da kwangila suka rasa inda za su zuba man, farashin ganga ya faɗi ƙasa da sifili, har kusan dala 37. Wato sai ka biya a karɓe maka kayanka.

Lantarki ya fi wannan rikici, tunda ba a tara shi da yawa cikin araha. A Fabrairun 2021 sanyi ya daskarar da tashoshin wuta a Texas, megawat ɗaya na sa'a guda ya kai dala 9,000. Kamfanonin da ke cinikin irin waɗannan kwangiloli suna da masana lissafi da masu hasashen yanayi a ofis. Su ne abokan karawarka.

Sai ninkin da manhajar ke ba ka. Idan sau 100 ne, dalarka 10 na juya dala 1,000, kuma farashi ya juya maka baya da kashi 1 cikin 100, goman ta tafi. Mai kuwa kan yi wannan motsi kafin ka gama shan shayi.

Wasu za su ce ai akwai masu ci. Akwai. Amma ka tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara saboda matsalar tsaro, aka ɗauki watanni. Wanda ya bar ciniki a buɗe ranar, sai dai ya hau mota neman sabis, kasuwar Landan da New York kuma ba ta tsaya jiransa ba. Ko ba a katse layi ba, batirin da ke kashi 4 a shagon caji ya isa ya yi maka wannan aika-aika.