Injinan bincike na gasa, masu ƙera ƙananan wasanni na ɓacewa a Whitechapel

Wanda ya rubuta sunan Whitechapel a Google ya haɗa da kalmar wasa, da wuya ya fara cin karo da aikin wani ɗan unguwar. Abin da zai tarar shi ne labarin Jack the Ripper da kashe-kashen 1888, da Assassin's Creed Syndicate na kamfanin Ubisoft wanda ya fito a 2015, da wani wasan tebur mai suna Letters from Whitechapel. Idan ya cire kalmar wasan kuma, ga shirin talabijin na ITV, ga wasu mawaƙan Amurka da suka ari sunan. Ita unguwar ta gaskiya, a gabashin Landan, wata aba ce daban: babban masallacin East London da ke cika maƙil ranar Juma'a, rumfunan kayan miya da mayafai a jere bakin titi, da tashar jirgin ƙasa da aka rubuta sunanta da Turanci da Bengali a 2022.

A kewayen wannan unguwa ne masu ƙera wasannin kwamfuta masu zaman kansu suka daɗe suna baje kolinsu. Daga 2015 an riƙa yin bikin Rezzed a Tobacco Dock da ke Wapping, tafiyar ƙafa ce daga Whitechapel. A 2023 da 2024 an yi na WASD a tsohon ginin Truman da ke Brick Lane. A irin wannan taro za ka ga mutum biyu ko uku a bayan ɗan tebur, da allo guda da tarin ƙananan katuna, suna miƙa wa mai wucewa abin sarrafa wasa suna cewa ya gwada. Kwana uku ake yi a watse. Sauran kwanakin shekara kuwa, sai dai su jira a lalubo su a intanet, inda wasanni sama da 18,000 suka fito a kasuwar Steam kaɗai a 2024, wato kusan 50 a kullum.

Ana yawan cewa idan Google ya samu abokan hamayya, irin waɗannan mutane za su sarara. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma gasar da ake yi yau ba ita ce wadda suke buƙata ba. Da, injinan bincike kan yi rige-rigen wanda zai fi saurin tura mai nema inda yake so. Yanzu rige-rigen ya koma na wanda zai riƙe shi kada ya fita. Muddin hukuma ba ta shiga tsakani ba, ƙaruwar masu gasar aiki kawai za ta ƙara wa mai ƙaramin shafi, baƙi kuma su ragu.

Hukumar kula da gasa da kasuwanni ta Birtaniya, CMA, ta ce sama da kashi 90 cikin ɗari na binciken da ake yi a ƙasar ta Google yake bi. Ba ingancin aiki kaɗai ya kai shi nan ba. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da kamfanin, an bayyana cewa a 2021 ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama injin da ke buɗewa da kansa a wayoyi da manhajojin shiga intanet, kuma a watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka shekara da shekaru, gyara shafi don injin bincike ya gan shi na nufin abu guda ne a aikace: a gano abin da Google ke so a yi masa.

Hatsarin ubangida ɗaya ya fito fili a watan Satumban 2023, lokacin da Google ya sauya tsarin jera sakamako da sunan fifita rubutu mai amfani. Retro Dodo, wani ƙaramin shafi na Birtaniya da ke rubutu kan tsofaffin wasanni da ƙananan na'urorin hannu, ya sanar cewa ya rasa kashi 85 cikin ɗari na masu zuwa masa ta bincike. Wannan ya shafi mai ƙera wasa kai tsaye, domin manyan jaridun wasanni ba su cika waiwayar aikin mutum biyu ba. Ƙananan shafuka ne ke gwada shi, su yi sharhi, su sa mahaɗin da zai kai mai karatu shafin mai shi. Waɗannan mahaɗai kuma su ne shaidar da injin bincike ke dubawa kafin ya ɗaga shafi sama. Idan ƙananan masu sharhi suka nutse, da ƙananan masu wasa suke nutsewa.

Sai ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Microsoft ya saka ta cikin Bing a Fabrairun 2023, ChatGPT ya ƙaddamar da nasa injin binciken a Oktoban 2024, Google kuma, don kada a bar shi a baya, ya kawo taƙaitacciyar amsar da na'ura ke rubutawa a saman sakamako, wadda ta iso Birtaniya a Agustan 2024. Cibiyar Pew ta Amurka ta bi diddigin yadda mutane ke bincike ta fitar da sakamako a Yulin 2025: idan akwai irin wannan taƙaitawa, kashi 8 cikin ɗari na ziyara ne ke ƙarewa da latsa mahaɗi, idan babu ita kuma kashi 15 ne. Mai wasa ya zauna ya rubuta bayanin wasansa, mai sharhi ya kwana yana bugawa, na'ura ta kwashe ta taƙaita, mai nema ya karanta ya rufe wayarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk wanda ya san tashar mota ya san aikin ɗan kamasho: shi ke tarar fasinja a bakin ƙofa ya nuna masa motar da zai shiga. Idan shi kaɗai ne a tashar, direban da ya saɓa da shi zai wuni babu lodi. Ƙarin 'yan kamasho alheri ne ga direba, amma fa idan fasinja suke kawo masa. Idan kowannensu ya sayi tasa motar ya ajiye a bakin ƙofa, yawansu bai amfane shi da komai ba.

Shi kuma aikin gyaran shafin sai ƙaruwa yake yi. Mai ƙera wasa yana son shafinsa ya burge, don haka yakan cika shi da bidiyo da hotuna masu motsi, sunan wasan ma a jikin hoto yake. Na'urar Google mai karanta shafuka na iya jure wani ɓangare na wannan ado. Da yawa daga na'urorin kamfanonin ƙirƙirarriyar basira kuwa rubutu tsura kawai suke ɗauka, idan ba su tarar da shi ba sai su wuce kamar shafin fanko ne. Don haka dole ya koma ya rubuta komai dalla-dalla: sunan wasa, nau'insa, ranar fitowa, farashi, na'urorin da yake aiki a kansu. Ya yi wa shafin rajista wurin Google, ya sake yi wurin Bing, domin DuckDuckGo ma daga Bing yake samun mafi yawan sakamakonsa. Ya yanke shawarar wace na'ura zai bari ta shiga, wace zai hana. Babban kamfani yana da ma'aikata na musamman don wannan. A ƙaramin ɗaki kuwa, wanda ya zana hotunan wasan da safe shi ne zai zauna kan wannan aiki da daddare, bayan ya gama tunanin kuɗin hayar Landan.

Abin takaicin shi ne an taɓa ganin gasa mai amfani. A 2006, lokacin da Yahoo da Microsoft ke da sauran ƙarfi, sun haɗu da Google sun amince da tsari guda na taswirar shafi. A 2011 suka sake haɗuwa kan schema.org, hanyar da mai shafi zai yi wa bayanansa alama sau ɗaya kowane inji ya gane, har da alama ta musamman ta wasan bidiyo. Amma a 2021 da Microsoft da Yandex suka fito da IndexNow, wanda ke ba shafi damar sanar da injina nan take cewa ya sabunta, Google bai shiga ba. Mai kashi 90 ba shi da dalilin zama teburin sulhu. Injina masu rumbun kansu, irin su Brave da Mojeek na Birtaniya, suna nan, sai dai masu amfani da su ba su kai yawan da zai sa wani ya dogara da su ba.

Wani zai ce ai 'yan wasa ba a Google suke gano sabon wasa ba, a YouTube da TikTok da Steam suke gani. Akwai gaskiya a ciki, kuma misalin yana nan cikin Landan. Luca Galante, ɗan Italiya mazaunin birnin, ya fara sakin Vampire Survivors a itch.io a 2021, ya kai shi Steam a Disambar shekarar, masu bidiyo a YouTube suka tallata shi, har ya ci kyautar BAFTA ta wasan da ya fi kowanne a 2023. Amma tun kafin kyautar, da wasan ya yi farin jini, sai jabunsa suka cika kasuwannin manhajojin waya, abin da ya sa kamfaninsa, poncle, ya gaggauta fitar da na waya kyauta. Mutumin da ya ga wasa a bidiyo, abu na gaba da zai yi shi ne ya rubuta sunansa a akwatin bincike, kuma a nan ne ake raba na gaske da na jabu. Sannan YouTube ɗin ma na Google ne, Steam kuma kan ɗauki kashi 30 cikin ɗari na cinikin ƙaramin mai wasa. Shafinsa na kansa shi ne wuri ɗaya tilo da babu mai karɓar la'ada a kansa, babu kuma mai sauke shi da dare ɗaya.

Ofishin CMA yana Canary Wharf, cikin ƙaramar hukumar Tower Hamlets, wadda Whitechapel ma ke cikinta. Bisa dokar kasuwannin dijital ta 2024, hukumar ta fara binciken Google a Janairun 2025, a Oktoba kuma ta ayyana shi a matsayin kamfani mai matsayi na musamman a kasuwar bincike, abin da ya ba ta ikon gindaya masa sharuɗɗa. Cikin matakan da ta lissafa tun a watan Yuni akwai allon zaɓin injin bincike, da adalci wajen jera sakamako, da ba masu shafuka iko kan yadda ake amfani da rubutunsu a amsoshin na'ura.

Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci ga mai ƙaramin wasa. Ya kamata mutum ya iya cewa kada na'ura ta taƙaita shafinsa, ba tare da an hukunta shi a jerin sakamako ba. Ya kamata kuma a samar da ƙofar ƙorafi mai sauri ga wanda aka nutsar ba bayani. Saurin shi ne gaba da komai. Foundem, ƙaramin kamfanin Birtaniya mai kwatanta farashi, ya kai ƙarar Google gaban hukumar Tarayyar Turai a 2009. Sai a 2017 aka ci Google tarar yuro biliyan 2.42, kotun ƙoli ta Tarayyar kuma ba ta tabbatar da hukuncin ba sai a Satumban 2024. Shekara 15 ke nan. Wasan mutum biyu kuwa, makonnin farko bayan fitowarsa su ne ke nuna ko masu shi za su ci gaba da sana'ar ko za su nemi wani aiki.

Maganar ba ta tsaya a Landan ba. Kamfanin Maliyo Games na Legas yana ƙera wasannin waya tun 2012, matasa a Kano da Kaduna kuma suna koyon rubuta manhaja. Wanda zai ƙera wasa da Hausa zai fi ɗan Whitechapel shan wahala, domin rubutun Hausa da injinan nan suka karanta kaɗan ne, wanda zai yi masa sharhi ma ya fi kaɗan. Hukumar kula da gasa ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, wato ta san hanyar tunkarar manyan kamfanoni. Ya dace ta bibiyi sharuɗɗan da CMA za ta ɗora wa Google ɗaya bayan ɗaya, ta kuma nemi a ba masu shafuka na Najeriya irin haƙƙin da za a ba na Birtaniya.