"Ina jin ka, kai ne ba ka ji na": ba kullum ne laifin maufis ba

Ya Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya ishe mu a Kademi da ƙauyukan Gaya da Ajingi. Dattijo zai kira ɗansa da ke ci-rani a Legas ta WhatsApp, muryar yaro na zuwa tangaran, shi kuwa yaron sai "Baba, kana ji na?" har ya gaji ya kashe.

Sana'ata cajin waya da ƙananan gyare-gyare, kuma kusan duk wanda ya kawo mini irin wannan waya ya riga ya yanke hukunci: maufis ya mutu. Wasu har kuɗin mota suke kashewa zuwa Kano don a canza abin da lafiyarsa ƙalau.

Kiran intanet hanya biyu gare shi, ta muryar da ke zuwa da ta wadda ke tafiya, kuma ɗaya na iya toshewa ɗayar na buɗe. Sandunan sabis da muke dubawa a saman waya ƙarfin abin da ke zuwa daga ƙarfen sabis kawai suke nunawa. Ƙarfen yana aiko da saƙo da ƙarfin wat gommai, wayar 4G kuwa iyakarta kamar wat 0.2. Tamkar lasifikar masallaci ce: kana gona kana jin ladan sarai, amma ko ka tsage maƙogwaro shi ba zai ji amsarka ba. Shi ya sa wanda ke nesa da ƙarfen, ko yake ƙuryar ɗaki ƙarƙashin rufin kwano, yake ji ba a jin sa. Da magariba kuma, sa'ad da kowa ya hau intanet, abin ya fi muni. Sau da yawa fitowa tsakar gida ma ta wadatar.

Kafin a biya kowa ko sisi, a naɗi saƙon murya a saurara. In ya fito garau, maufis na nan da ransa. In ya fito a dishe, a duba ƙaramin ramin da ke gindin wayar, don ƙurar hunturu na cika shi. Busasshen burushin haƙori ya isa; ban da allura, don Allah, ita ce ke huda shi. In shiru ne ɗungurungum, a shiga saitin a ga ko an ba WhatsApp izinin amfani da makirufo. Daga Android 12 zuwa sama, koren ɗigo na bayyana a saman allo idan makirufo na aiki. Akwai kuma iyafis ɗin Bluetooth da aka manta a aljihun wata riga yana kwashe murya, da VPN da yara ke sakawa su bari a kunne. Masu 'yan'uwa a Dubai kuwa su sani cewa can hukuma ce ta toshe kiran WhatsApp, shi ya sa mazauna can suke komawa manhajar Botim.

Saura nauyin kamfanoni. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, da alkawarin inganta aiki. Mun biya ƙarin daidai da mutumin unguwar Nasarawa GRA ta birnin Kano. Ina kira ga kamfanonin su turo injiniyoyinsu su auna ƙarfin aikawa a garuruwanmu, ba na saukewa kaɗai ba. Jama'a kuma, wanda ya kai kuka ga kamfaninsa aka yi biris da shi, ya kira 622, layin ƙorafi na NCC. Kyauta ne.

Wassalam.

Naku,
Mai cajin waya, Kademi, Ƙaramar Hukumar Gaya, Jihar Kano